In Harsashi Ya Kauce, Wa Ya Yi Harbin?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana da muke yi kullum ba mu tsayawa mu saurare ta. In an yi ɓarna da bindiga, ba mu cika cewa "wane ya harbi wane" ba. Cewa muke "bindiga ta tashi". Kamar dai barci take yi ta farka don kanta. Daga nan sai mu ce "harsashi ya same shi", sai ka rantse harsashin ne ya fita yawo ya ci karo da mutum. Haka muke cewa mota ta kaɗe yaro, wuta ta kama rumbu, magana ta suɓuce. A duk waɗannan jimloli, mutumin da ya riƙe abin ya ɓace, ba ka ganin shi ko kaɗan.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: in mutum ya yi saiti wuri guda, harsashi ya tafi wani wuri daban saboda bindigar tana da lahani, laifin na wane ne? Na ƙarfen ne, na wanda ya ƙera shi, ko na wanda ya ja kunama? Ba daga littafi na fara cin karo da wannan tambaya ba. A gidanmu na same ta.

Libarbar Kawu

Kawuna manomi ne a wani ƙauye tsakanin Tanut da Belbeji. Yana da wata tsohuwar libarba, irin ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, wadda wasu ke ce wa fistole. Gado ce daga kakanmu, wanda ya yi aikin gardi zamanin Nasara. Tsatsa ta cinye rubutun jikinta har da sunan waɗanda suka ƙera ta. Tana naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati, da ƴan harsasai da ba su kai goma ba, su ma sun tsufa. Kowa a gidan ya san da ita, kuma kowa ya san halinta: ba ta zuwa inda aka aike ta. Kawu da bakinshi yake faɗi, yana dariya, wai ya taɓa auna tulu a gindin aduwa ya samu reshe. Har kirari yake mata: "Ƴar hagu, a aike ki gabas ki yi arewa."

Shekarar da nake aji uku a kwaleji, lokacin kaka, an yanke hatsi amma ba a gama kwashe dammuna daga gona ba, kuma hukuma ba ta ba da ranar sakin gonaki ba tukuna. Kun san yadda Damargu take a wannan lokaci. Dabbobi suna gangarowa daga arewa, ruwan tafkuna ya fara janyewa, burtali ya ƙuntata, manomi na kwana a gona yana gadin wahalar shi ta shekara. Wani dare Kawu ya ji motsin shanu cikin dammuna. Ya yi ihu, ba su fita ba. Sai ya ciro libarbar, ya ce shi dai gefe ya auna, can wajen wata ƙaya, don ƙarar ta kore su. Ya harba sau ɗaya.

Da aka haska tocila, ga karsana kwance tana shure-shure. Kusa da ita, abin da bai fi kamu biyu ba, ga wani yaron Fulani tsaye, sanda a hannu, bai fi shekara goma sha biyu ba. Shanun sun kufce mishi ne yana ƙoƙarin fitar da su. Bai yi kuka ba, bai gudu ba, ya dai tsaya yana kallon karsanar.

Washegari aka zauna gaban maigari. Tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, amma ran nan ba wanda ya yi wa wani ba'a. Arɗo ya ce: "Maigari, ɓarnar da shanunmu suka yi a ƙiyasta, mu biya. Karsana kuma a biya mu. Amma ina so mutumin nan ya gaya mini abu guda: da yaron ya samu, da me zai biya?" Kawu ya sunkuyar da kai ya ce: "Arɗo, wallahi ba shi na nufa ba, ba ma karsanar na nufa ba. Bindigar ce ba ta da saiti." Arɗo ya ce: "Yau ka sani, ko da ma ka sani?"

Ba wanda ya amsa. Aka biya abin da za a biya, aka yi addu'a, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ni kuwa tambayar Arɗo ta zauna mini a kai har yau.

Abin da ke sa ta kauce

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san yadda abin yake aiki. Libarba tana da ganga mai ramuka, galibi shida, kowane rami da harsashinshi. Duk harbi ɗaya sai gangar ta juya ta kawo rami guda daidai da bakin bututu, ta tsaya cak. In ƙarafan da ke juya ta da masu riƙe ta suka cinye saboda tsufa, ramin ba ya zuwa daidai, sai harsashi ya gogi gefe ya fita a karkace. Cikin bututun kuma akwai wasu tsagogi a murɗe masu sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi a miƙe. In tsatsa ta ci su, shi ke nan. Ga kuma tsohon albarushi da ba ya ci daidai.

Ko da lafiyarta lau, ƙaramar bindiga ba ta yafe kuskure. Mu yi lissafin da muka koya a aji. A ce tsakanin alamar saiti ta baya da ta gaba santimita 15 ne. In hannunka ya goce da milimita 1 kacal, abin da ido ba ya ma gani da rana balle da dare, a nisan mita 25 harsashi zai kauce da kusan santimita 17. A mita 60 ya zama santimita 40. Faɗin ƙirjin yaro bai kai haka ba. Wannan fa lafiyayyar bindiga ke nan a hannun mai natsuwa. To ina ga tsohuwa, cikin duhu, a hannun mutumin da barci bai ishe shi ba kuma ranshi a ɓace?

A Amurka, inda Samuel Colt ya yi rajistar irin wannan bindiga a 1836, wanda ya sayi libarba ya ga tana kaucewa yakan mayar wa kamfani. Su kwance ta, su canza abin da ya lalace, su gwada, su aiko mishi da abarshi. Can lahanin bindiga magana ce ta mai saye da mai sayarwa, kamar yadda za ka mayar da rediyo in ta ƙi kamawa. Mu nan ba haka ba ne. Bindigogin da ke ɓoye a ɗakunanmu ba su da rasit, ba su da uban gida. Hafsoshin Faransa da suka shigo ƙasar nan, irin waɗanda suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a watan Yuli na 1899, da ayarin Foureau da Lamy da ya ratsa Damargu a ƙarshen wannan shekara, sun zo a zamanin libarbar sojan Faransa samfurin 1892, wadda ake ƙerawa a Saint-Étienne. Wannan masana'anta an rufe ta tun 2001. Waɗanda suka kwararo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 su ma ba wanda zai karɓe su gyara. An yi zamanin da Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeranshi suna zuba igwa suna haɗa albarushi a cikin birni. Wannan ya wuce. Yau mai bindiga a Damargu shi kaɗai ne da abarshi. Ba kamfanin da zai tura wa laifi.

Mashi, ko mai jifa, ko masu fili?

Da muka shiga tarminal, mushenmu na filo ya ba mu wani labari da ya sa na tuna da gonar Kawu. Marubucin Girka Pulutak ya ruwaito cewa a birnin Atina wani ɗan wasa ya jefa mashi, ya samu wani mutum bisa kuskure, ya mutu. Shugaban birnin, Perikilis, da malamin nan Purotagoras suka yini guda cur suna gardama: wa za a ɗora wa alhakin, mashin, ko wanda ya jefa, ko waɗanda suka shirya wasan? Ajinmu aka yi ta dariya, wai ina ruwan mashi. Amma mushe ya ce mutanen Atina har kotu gare su da ke yi wa dutse ko ƙarfen da ya kashe mutum shari'a, in an same shi da laifi a jefar da shi bayan iyakar ƙasa. Sai na ga ai mu ma abin da muke yi ke nan da baki duk lokacin da muka ce "bindiga ta tashi". Muna kai ƙarfe kotu don mutum ya samu ya koma gida.

Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Muna da tsautsayi, muna da kuskure, muna da sakaci, muna da ganganci. Tsautsayi shi ne abin da ba ka da hanyar sanin zuwanshi: kana tafiya reshe ya karyo. Kuskure shi ne ka nufi daidai, ka yi iya ƙoƙarinka, abin ya goce. Sakaci shi ne ka bar abin da ya kamata ka duba ba ka duba ba. Ganganci kuwa shi ne ka san haɗarin sarai, ka ce ba komai. Matsalarmu ita ce, in abin ya faru da wani, mun iya jera kalmomin nan huɗu daidai. In ya faru da mu, dukansu sai su narke su koma "tsautsayi", mu ƙara da cewa ba ya wuce ranarshi.

Aristotal ya yi wannan rarrabewa a littafinshi na ɗabi'a. Ya kawo misalin mutumin da yake nuna wa mutane yadda na'urar harba duwatsu take aiki, sai ta kufce mishi. Ya yarda cewa wanda ya yi abu cikin rashin sani ba daidai yake da mai niyya ba. Amma ya ƙara da cewa akwai rashin sanin da mutum shi ya jawo wa kanshi, kuma wannan ba ya wanke kowa. To Kawu ma bai kai ga wannan matsayi ba, don shi ba rashin sani ya yi ba. Mutumin da ya yi wa bindiga kirari da "ƴar hagu" ba zai dawo ya ce ta ba shi mamaki ba. Abin da Arɗo ya gano ke nan da tambaya ɗaya, shi da bai taɓa zama ajin filo ba.

Don haka ga amsata ta farko. Gaskiya ne Kawu bai nufi karsana ba. Amma ya nufi sakin harsashi cikin duhu, daga bindigar da ya san ba ta da alƙibla, a wurin da ya san inda shanu suke akwai mai kiwonsu. Wanda ya san kibiyarshi karkatacciya ce, duk inda ta faɗa cikin saitinshi ne. Lahanin bindigar bai rage mishi laifi ba. Ƙara mishi ya yi, tunda ya san da shi.

Kamu biyu

Akwai wani gefen da ya fi damuna. Kawu ya biya karsana, ya ci gaba da zuwa kasuwa, ana gaisawa da shi, har liman yakan ba shi saƙo. Da harsashin ya matsa kamu biyu, da yanzu sunanshi mai kisan kai, da jandarmomi sun tafi da shi, da wataƙila an yi abin da ya fi haka muni tsakanin ƙauyenmu da rugar. Alhali abin da ya aikata da hannunshi da zuciyarshi guda ne a duka biyun. Bambancin kawai inda yaron ya tsaya.

Wasu masana biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun yi muhawara kan wannan a 1976. Misalin Nagel shi ne direban da bai duba birkinshi ba. Mu kawo shi gida: direbobi biyu sun taso daga Damagaram za su Agadas, dukansu birkinsu ba shi da kyau kuma sun sani. Na farko ya isa lafiya, ya sha shayi, ya kwanta. Na biyu yana shiga Tanut yaro ya gitta. Mutane za su tsine wa na biyu, na farko kuwa ko a jikinshi. Shin adalci ne sa'a ta raba su?

Ni a ganina, ta wajen abin da mutum zai biya, dole a raba su, don wanda ya yi ɓarna shi ke gyara, kuma ba a biyan diyyar wanda bai mutu ba. Amma ta wajen abin da mutum ya kamata ya gani in ya dubi kanshi, ba su da bambanci. Wanda ya tsira ba nagari ba ne, mai sa'a ne. Haɗarin kuwa shi ne mai sa'a yakan ɗauki sa'arshi a matsayin shaida cewa hanyarshi daidai ce. "Ai mun saba." "Ai ba abin da ya taɓa faruwa." Yawancinmu a wannan layi muke, ba mu sani ba.

Abin da muka koya a makarantar allo da zaure ma bai bar mai kuskure ya tafi haka nan ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara: ƴanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, diyyar raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, kuma dangin mai kisan ta wajen uba su ke haɗuwa su biya cikin shekara uku, kaffarar kuwa a wuyanshi take shi kaɗai. Na daɗe ina tunanin hikimar wannan rabo. Mutumin bai yi niyya ba, amma an ce ya ji yunwa kwana sittin, don rai ba abin da za a ce "afuwa" a wuce ba ne. Dangi kuma, da ba su ja kunama ba, an ce su kawo raƙumansu. Ni abin da na fahimta shi ne kuskuren mutum ɗaya sau da yawa a gaban idon mutane da yawa yake girma. A gidanmu wa bai san da libarbar nan ba? Wa bai yi dariyar kirarinta ba? Ni kaina na sha roƙon a bar ni in riƙe ta. Perikilis bai yi wauta ba da ya sa masu fili cikin lissafi.

A ce an gyara ta

Bayan kwana biyu da zaman maigari, abin da Kawu ya fara tunani shi ne gyara. Ya naɗe ta cikin buhu ya kai wa wani tsohon maƙeri da ke gyara bindigogin toka na maharba, ni ina biye da shi. Tsohon ya juya gangar kusa da kunnenshi, ya leƙa bututun ta wajen haske, ya ajiye. Ya ce: "Malam, wannan ba aikin uwar maƙera ba ce. Masu injin da suka yi ta su ke iya mayar da ita daidai, ni in na taɓa sai dai in ƙara mata. Amma in tambaye ka mana. A ce na gyara ta, ta koma tana zuwa inda ka aike ta. Wa za ka aika wa?"

Kawu ya ce: "Baba, ai don tsoratarwa ce."

Tsohon ya ce: "In don tsoratarwa ce, gwangwani da dutse ma suna ƙara."

A nan ne na gane cewa tambayar gyara tana ɓoye wata tambaya. Bindigar maharbi an yi ta don gada da zabo. Libarba kuwa ba a farauta da ita a dajinmu, ba ta da nisa, ba ta da amfani a gona. An ƙera ta ne don mutum, a kusa. Karkatacciyar libarba tana iya samun wanda ba ka nufa ba. Miƙaƙƙiya tana samun wanda ka nufa. Wanne ne alheri a cikinsu a daren da ranka ya ɓaci saboda dami biyar?

Kuma kada mu ɗauka cewa ingancin makami yana kawar da kuskure. Yana dai matsar da shi ne daga ƙarfe zuwa ido. A watan Fabrairu na 2022, a ƙauyen Nacade cikin gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi, yara bakwai suka mutu sakamakon harin jirgin sama, wanda gwamnan jihar ya ce na sojan Najeriya ne da ke bin ƴan bindiga. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya saki bam kan masu taron Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Waɗannan makamai ba tsatsa a jikinsu. Sun je daidai inda aka aike su. Wanda ya aike su ne ya ga abin da ba shi ne ba. Abu uku ke iya karkacewa a harbi: ƙarfe, da ido, da zuciya. Kamfani na farkon kawai yake gyarawa.

To a zauna hannu sake?

Na san abin da wasunku za su ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Za ku ce: kai ɗan lakkwal, kana zaune a Damagaram kana rubutu. Ka san nisan ƙauyenku da jandarmomi? Tanut kanta kimanin kilomita 150 take daga Damagaram, gundumar kuma faɗi gare ta, ga Belbeji da sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. In ɓarayin shanu suka zo da tsakar dare, ko ƴan fashi suka tare hanya ranar kasuwa, falsafa za ka karanta musu? Ba hakkin mutum ba ne ya kare iyalinshi da dukiyarshi?

Hakkinshi ne, ba na musu. Kuma wanda bai taɓa kwana yana sauraren kukan kare ba bai kamata ya raina tsoron mutanen karkara ba. Amma mu duba abu biyu. Na ɗaya, bindigar da aka ajiye don ɓarawo ba ɓarawo take fara gani ba. Ɓarawo yana zuwa sau ɗaya a shekaru, ya zo a shirye, ya zaɓi lokacinshi. Maƙwabci kuwa, da makiyayi, da ɗan uwan da kuke rigimar gado, da yaron gida mai son taɓe-taɓe, kullum suna nan. Libarbar Kawu ta shekara fiye da hamsin a gidanmu ba ta taɓa haɗuwa da ɗan fashi ba. Ran da ta yi aiki, yaro ɗan shekara goma sha biyu ta tarar.

Na biyu, rigimar manomi da makiyayi ba ta tsayawa kan mutum biyu. A Toda, cikin yankin Gidan Runji, a watan Oktoba na 1991, rigimar ɓarnar gona ta ƙare da mutuwar mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yaran makiyaya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda ɗaukar makami don kare kai ya rikiɗe ya zama ramuwa kan ramuwa, har aka rasa wanda zai ce ga inda aka faro. Ƙasarmu tana da hanyoyin da aka tanada, ko da suna tafiyar hawainiya: dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993 da kwamitocin filaye da ya haifar, dokar kiwo ta 2010, ga sarakuna da masu gari da ke sulhu kafin a kai ga alƙali. Mai bindiga a ƙarƙashin matashi ba ya jiran ko ɗaya daga cikinsu. Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne dogari, duk cikin daƙiƙa guda, a cikin duhu.

Mun kuma taɓa ganin manya sun zaɓi ajiyewa. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda muke hutun tunawa da ita kowace shekara, an tara bindigogi fiye da dubu a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Waɗanda suka miƙa su ba matsorata ba ne, mutane ne da suka san abin da bindiga ke iya yi fiye da ni da ku. Tun 1994 kuma akwai hukumar ƙasa da aka kafa don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Abin da ya rage mana

Yawancinmu ba mu da libarba, ba kuma za mu taɓa mallaka ba. Amma kowannenmu yana da ƴar hagunshi. Babur ɗin da ka san birkinshi sai an taka sau uku, kana ɗaukar ƙannenka a kai. Saƙon WhatsApp da ba ka tabbatar ba, mai cewa wata ƙabila ta yi kaza a wani gari, ka tura wa mutum ɗari, in an tambaye ka ka ce "ni ma turo mini aka yi". Zuciyar da ka san tana saurin hawa, kana ce wa mutane "haka nake". Duk wanda ya san lahanin abin da ke hannunshi ya ci gaba da amfani da shi a cikin mutane, ya riga ya sa hannu kan abin da zai biyo baya. Alhaki ba ran da aka ja kunama yake farawa ba. Yana farawa ran da ka gane tana kaucewa, ka yi dariya, ka mayar da ita akwati.

Kawu bai sake neman mai gyara ba. Bayan sallar layya ta wannan shekara ya kai wa maigari libarbar da sauran harsasan, maigari ya miƙa wa hukuma. Ba zan ɓoye muku ba, shekara biyu bayan haka ɓarayi suka kore mishi shanun huɗa guda biyu da dare, ba a gan su ba har yau. Mutane suka yi ta ce mishi da bindigarka na nan da ba haka ba. Na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, shanun sun yi mini ciwo, har yanzu ban mayar da su ba. Amma ina iya barci. Wancan daren kuwa, in na rufe ido, ba karsanar nake gani ba."

Yaron ya girma, yanzu shi ke jan garken gidansu. Duk shekara in an saki gonaki, gonar Kawu suke fara sauka su ci kara, su bar mishi taki. Suna gaisawa, Kawu ya kai musu fura, su ba shi nono. Ban taɓa jin ɗayansu ya ta da maganar ba. Abu guda dai na lura da shi: ko da wasa, Kawu bai ƙara cewa "bindigar ta tashi" ba. In dole ta sa ya ambaci daren, cewa yake: "ran da na yi harbi."